Kayan lantarki da suka mutu: ina za a kai su?

Ku duba bayan ɗakinku. A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai lungun da ake jibge rediyo, fanka, talabijin ko firigo da ya daina aiki. Mai gyara ya ce babu kayan canji. Mai gida kuma ya kasa jefarwa, domin da guminsa ya saya. Da dama daga cikin waɗannan kaya sun tsufa tun a Turai, kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kotonu ko ta Lome, shi ya sa ba su daɗewa a hannunmu.

Tsohuwar tukunyar ƙarfe ba ta da wuyar sha'ani. Ƙarfe ɗaya ne, maƙeri ya narka shi ya ƙera wata. Firigo kuwa ya haɗa ƙarfe, jan ƙarfe, alminiyam, roba, soso, mai da iskar gas, duk a manne da juna. Raba su na bukatar injina masu tsada. A kasuwar Katako ta Yamai, masu sana'a suna ciro abin da ke da daraja, kuma sun cancanci yabo: alminiyam na komawa tukunya, ƙarfe na komawa murhu. Matsalar tana ga ragowar da babu mai sayenta, kuma a nan guba ta fi yawa.

Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙaton baya yana ɗauke da dalma, sau da yawa fiye da kilo 1. Dogon ƙwan fitila fari yana da zaiba, mai lahani ga ƙwaƙwalwa idan ya fashe aka shaƙa. Waya kuwa, idan aka ƙona robarta don a samu jan ƙarfe, baƙin hayaƙin yana cutar da huhu, tokar kuma ta shiga ƙasa.

Mafi haɗari shi ne batirin mota da na hasken rana. A unguwar Thiaroye, kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, mutane sun daɗe suna fasa batir suna sayar da dalmar. Ƙurarta ta cika tsakar gidaje, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu. Dalma ba ta da wari, kuma yaron da ya tsira yana iya rasa kaifin basirarsa har abada.

Ƙasashen Afirka sun amince da yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda ta hana shigo da shara mai guba. Amma mataccen firigo da aka rubuta masa sunan na hannu yana da wuyar ganewa a kan iyaka.

Kafin ku sayi na hannu, ku sa a kunna shi a gabanku, ku kuma tambayi mai gyara ko kayan canjinsa na samuwa. Idan batir ya mutu, kada ku fasa shi, kada ku zubar da ruwansa a tsakar gida. Ku mayar wa mai sayar da sabo da cikakkensa. Kada ku huda bututun firigo: gas na tsofaffin yana ɓata rufin sama da ke tare mana ɓangaren hasken rana mai cutarwa, na sababbin da yawa kuma yana kama wuta. Idan dole ne firigon ya zauna a gida, ku cire masa ƙofa, domin yaro mai wasan ɓuya yana iya shiga ciki numfashinsa ya ƙare kafin a ji kukansa.