BABI NA BIYU: TARIHIN MANHAJAR DIGIRIN INJINIYANCI A NIJERIYA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka riƙa tsara manhajar digirin farko na injiniyanci a Nijeriya, tun daga zamanin mulkin mallaka, tare da ɗaukar Zariya a matsayin misali, kasancewar a can ne aka fara koyar da wannan fanni a matakin digiri. Abin da za a fi mai da hankali a kansa shi ne tambayar nan: wa yake yanke abin da ɗalibi zai koya? Domin idan aka duba da kyau, za a ga cewa duk lokacin da aka yi wa ilimi mai zurfi garambawul, hannun da yake riƙe da manhajar ne yake sauyawa.

2.1 Zamanin Manhajar Landan

Turawan mulkin mallaka ba su yi hanzarin horar da injiniyoyi 'yan ƙasa ba. Babbar Kwalejin Yaba da aka buɗe a 1934 mataimaka kawai take yayewa, wato waɗanda za su yi aiki a ƙarƙashin Bature a Ma'aikatar Ayyuka ko hukumar jirgin ƙasa. Ita ma Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka kafa a 1948 ta fara ne ba tare da tsangayar injiniyanci ba. Sai da aka kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Sana'o'i ta Nijeriya a 1952, mai rassa a Zariya da Ibadan da Inugu, sannan aka sami wurin da za a ɗora harsashin, aka kuma ba reshen Zariya wannan fanni.

Digirin da ɗaliban Zariya na farko suka yi na Jami'ar Landan ne. Ma'ana, daga can ake amincewa da darussa, da ma'aunin can ake auna jarrabawa. Sassa uku ne ginshiƙan karatun: gine-gine da hanyoyi, kanikanci, da lantarki. Ɗalibi yakan shigo bayan ya gama babbar sakandare, ya riga ya ƙoshi da lissafi da kimiyya, sai ya yi shekara uku. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin takardar da aka samu ba a raina ta a ko'ina cikin ƙasashen renon Ingila. Amma an gina shi ne bisa wani zato da bai dace da nan ba. A Ingila jami'a tana koyar da ƙa'idoji ne kawai, don ta san cewa ɗalibi zai fita ya tarar da masana'antu da za su riƙe shi su koya masa aiki kafin ƙungiyar ƙwararru ta karɓe shi. A nan kuwa an kwaso rabin tsarin, wato na aji, ɗaya rabin kuma babu isassun masana'antun da za su ɗauke shi. A ganin mai wannan nazari, wannan giɓi ne tushen yawancin muhawarar da ta biyo baya.

2.2 Rahoton Ashby da Kafuwar Jami'o'i

A 1959 gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Eric Ashby domin ya duba buƙatun ƙasa na ilimi mai zurfi na tsawon shekara 20. Rahoton da ya miƙa a 1960 ya kalli ilimi a matsayin jari, ya kuma share fagen buɗe sababbin jami'o'i. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta gaji reshen Zariya har da tsangayar injiniyancinsa, sai ikon manhaja ya bar Landan ya koma hannun majalisar malaman jami'a. Duk da haka ba a yi wani babban juyi nan take ba, saboda yawancin malaman baƙi ne, littattafan kuma na Ingila.

2.3 Shekarun 1970: Shigowar Hukumomi

A wannan zango ne aka fi taɓa jikin manhajar. Ayyuka irin su madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, sun nuna yadda ƙasar ta dogara ga injiniyoyin waje, kuɗin man fetur kuma ya kawo sababbin ayyuka, har Kaduna ta sami kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980. Don haka aka riƙa ƙara sassa, kamar na sinadarai da na aikin gona.

Dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ta kafa majalisar yi wa injiniyoyi rajista, wadda aka fi sani da COREN. Daga nan digiri kaɗai bai isa mutum ya kira kansa injiniya ba, kuma majalisar ta sami bakin magana a kan abin da ake koyarwa. Bugu da ƙari, Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971, ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kokawa cewa waɗanda ake yayewa sun san littafi amma hannunsu bai san aiki ba. Wannan yunƙuri ne na cike giɓin da aka ambata a baya: tun da babu tabbacin ɗalibi zai sami horo bayan ya gama, sai aka cusa horon a cikin digirin kansa.

Har ila yau, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da ta kawo tsarin 6-3-3-4, da kafa hukumar JAMB a 1978, sun sa ɗalibi ya riƙa shigowa kai tsaye daga sakandare. Ke nan dole jami'a ta ɗauki nauyin shekarar share fage. Ta haka digirin ya tsaya a shekara biyar: ta farko ta lissafi da kimiyya, ta biyu ta darussan bai-ɗaya da kowane ɗalibin injiniyanci zai yi, kamar zanen injiniya da aikin wakshof, sannan a rabu zuwa sassa, a yi wata shida a masana'anta a shekara ta huɗu, a rufe da aikin bincike a ta biyar.

2.4 Ma'auni Guda ga Kowa

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fara ne a 1962 a matsayin mai ba da shawara, ta sami ƙarfin doka a 1974. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin ma'aunin karatu, ta kuma fitar da shi a 1989 a fannoni 13, ciki har da injiniyanci, sannan ta fara zagayen tantance kwasa-kwasai. Dalilin a fili yake: jami'o'i sun yi yawa, an buɗe na fasaha a Bauci da Makurɗi da Owerri a 1980, wasu suka biyo baya, ana kuma tsoron kada digirin wani wuri ya kasa na wani.

Sai dai abin ya zo a mugun lokaci. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan ɗakin gwaje-gwaje suka gagari jami'o'i, malamai da yawa suka bar ƙasar. Daga baya masana'antun da aka dogara gare su suka shiga durƙushewa. Masaƙar Kaduna ta KTL, alal misali, ta rufe a 2002. Wata shidan SIWES yana nan a rubuce, amma samun wurin da ɗalibi zai taɓa inji da hannunsa ya zama wahala. Ma'aunin yana iya ƙirga awoyin darasi, ba ya iya tayar da masaƙa.

An sabunta ma'aunin a 2007, aka kuma ƙara darasin koyon dogaro da kai. A Disamba 2022 NUC ta ƙaddamar da sabon tsari mai suna CCMAS, inda ta riƙe kashi 70 cikin 100 na manhaja, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta soki tsarin, tana ganin an ƙwace aikin majalisun jami'o'i. A 2023 kuma COREN ta sami matsayin wucin gadi a Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda take auna digiri da abin da ɗalibi ya iya yi bayan ya gama, ba da jerin darussan da ya zauna ba. Abin lura a nan shi ne, neman amincewar waje, wanda ya haɗa Zariya da Landan tun farko, ya sake dawowa ta wata ƙofa. Babi na uku zai duba yadda tsangayoyin injiniyanci na Arewa za su iya amfani da kashi 30 ɗin nan a kan noman rani da hasken rana da rijiyoyin burtsatse, da kuma irin kalmomin Hausa da ɗalibi yake buƙata idan ya fita yin aiki da magina da makanikai.