Belligerent: Mai Yaƙi ko Mai Neman Faɗa?

Idan ɗan sanda a Ingila ko Amurka ya rubuta cewa direban da ya tsayar ya zama belligerent, yana nufin mutumin ya tayar da jijiyar wuya: murya sama, yatsa a fuskar jami'i, yana matsowa da ƙirji, amma hannu bai kai ga duka ba tukuna. Wanda ya bugu da giya aka fi jingina wa kalmar. Da mu ne, sai mu ce masifaffe, ko kuma faɗa yake nema.

Sai dai ba a bakin titi aka haifi kalmar ba. Daga Latin ta fito, inda bellum ke nufin yaƙi, gerere kuma gudanarwa. A wurin masana dokar ƙasa da ƙasa babu zagi a cikinta ko kaɗan. Matsayi ne na duk ɓangaren da ke cikin yaƙi, wanda ya fara da wanda aka far wa, kuma matsayin yana zuwa da haƙƙoƙi da wajibai. A watan Mayun 1861 Birtaniya ta shelanta cewa ba ruwanta da yaƙin basasar Amurka, wanda hakan ya ba jihohin Kudu da suka ɓalle wannan matsayi. Gwamnatin shugaban Amurka Lincoln ta ji haushi sosai, duk da cewa Landan ba ta taɓa amincewa da su a matsayin ƙasa ba. Shi kuwa Mussolini, jagoran Italiya, da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, sai ya kira Italiya non-belligerent, wato zuciyarsa na tare da Hitler amma bai ɗauki makami ba. Wayon bai daɗe ba: ranar 10 ga Yunin 1940 ya shiga yaƙin.

Nan ne mai fassara labarai ke iya yin ɓarna. Idan sanarwa kan yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ta kira sojojin gwamnati da dakarun RSF da sunan belligerent, ba ta ce wane ne azzalumi ba. Turanci na da kalmar ɗora laifi daban, aggressor, wanda ya fara kai hari. Wanda ya fassara belligerent a nan da “masu tada zaune tsaye” ya sa wa mai sanarwar hukuncin da bai yanke ba. “Ɓangarorin da ke yaƙi” ta wadatar, masifaffe kuma a bar wa direban.