Abubakar Imam da Wasiƙun da Suka Riƙa Zuwa Zariya

A ƙarshen shekarar 1938 wata ji-ta-ji-ta ta game garuruwan Arewa: wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Ana maganar a kasuwa, ana yi a zaurukan malamai, Turawan mulki kuwa ba su da wata hanya ta ƙaryata ta sai ta bakin sarki da hakimi. Akwai Jaridar Nijeriya Ta Arewa tun 1932, amma jefi-jefi take fitowa, kuma masu karanta ta ba su wuce ma'aikata ba. Wannan damuwa ce ta haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, ana sayar da ita kwabo guda. Rupert East, shugaban Hukumar Talifi, shi ne ya tsaya a kanta, editan Hausa kuma wani matashi ne ɗan shekara 27 da aka ɗauko daga aji, Malam Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina. East ya gano shi ne ta gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja, ita ce kuma ta fito da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara. Kafin a kafa jaridar ya riga ya rubuta Magana Jari Ce. Bai taɓa zama a ɗakin labarai ba. Abin da ya zo da shi kunne ne: ya san yadda Bahaushe ke ba da labari, ya san inda mai sauraro ke gyara zama.

Wannan ya yi masa rana, don yawancin waɗanda labarin Gaskiya ke kaiwa gare su ba karantawa suke yi ba, saurare suke yi. Jarida ɗaya za ta iso gari cikin jakar ɗan gidan waya, malamin makaranta ko akawun En'e ya zauna da ita a ƙofar gida bayan la'asar, dattawa da 'yan kasuwa su kewaye shi. Ya karanta sakin layi, ya tsaya, a yi ta tambayoyi, wani ya ce a maimaita wurin da aka ambaci garinsu. Gobe takardar ta wuce unguwa ta gaba, har ta yage a wurin naɗi. Editan da ya san haka ba zai rubuta jimlar da numfashi ba zai kai ƙarshenta ba. Shi ya sa labarin yaƙin duniya na biyu, da jiragen sama da tankokin da mai sauraro bai taɓa gani ba, Imam ya riƙa zubo shi da karin magana da raha irin na hira. Don waɗanda ba su iya boko ba har aka riƙa fitar da 'Yar Gaskiya da ajami.

Gwamnati ta kafa jaridar ne don ta yi wa jama'a magana. Abin da ya fi burge ni a aikin Imam shi ne yadda ya buɗe ƙofa jama'a su ma suka fara mayar da magana. Wasiƙu suka riƙa zuwa Zariya daga ko'ina: daga malaman makaranta, daga ma'aikatan asibiti da na jirgin ƙasa, daga sojojin Arewa da aka kai Gabashin Afirka da Bama. Wani ya ba da labarin gobara ko naɗin sarauta, wani ya koka da rashin rijiya, wani ya yi ƙorafin yadda ake karɓar haraji da jangali. Waɗannan masu wasiƙu su ne wakilan jaridar na farko, ba albashi, ba katin shaida. Aikin edita shi ne ya tace, ya gane wanda ya rubuto don gyara da wanda ya rubuto don huce haushi, ya kuma san cewa idan ya buga ƙorafi a kan wani hakimi, marubucin yana zaune a ƙarƙashin hakimin nan, gobe ma a gabansa zai faɗi gaisuwa.

A nan ne ra'ayin Imam ya fito fili. Bai yarda a yi shiru ba, bai kuma yarda a ci mutunci ba. A ganinsa sarauta gida ce da ke bukatar gyara, kuma mai gida ya fi jin maganar wanda ya shigo da sallama. Matasa masu zafi irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano sun ga wannan tafiya ta yi sanyi da yawa, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, don jaridar ta gwamnati ce, akwai iyakar da ba ta iya tsallakewa. Ta ɗaya gefen kuma akwai masu mulkin da ko wannan ɗan abin da take bugawa bai yi musu daɗi ba. Tsakanin waɗannan biyun ya yi aikinsa shekara da shekaru.

A 1943 aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, shi da su Nnamdi Azikiwe na West African Pilot. Azikiwe ya tsara takardar neman a sa wa'adin mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, don yana ganin Arewa ba ta shirya ba, kuma ba wanda ya aiko shi da wannan saƙo. An soke shi a kan haka, har yanzu ma ana iya jayayya a kai. Sai dai a wannan tafiyar ce ya gana da Lugga, wanda ya ci Arewa da yaƙi, ya kuma rubuta masa dalla-dalla abin da ke damun 'yan boko da talakawa a ƙarƙashin mulkin En'e: ba a jin ta bakinsu, ba su da wurin kai kuka. Wanda ya kwashe shekaru yana buɗe wasiƙun mutane ne kawai zai iya rubuta irin wannan. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadar Zariya, a 1948 aka ƙara jaridar Turanci, Nigerian Citizen. Siyasa ta ja Imam na ɗan lokaci: ya halarci babban taron Ibadan na 1950, ya shiga majalisa, sannan ya bar kujerar edita ya koma harkar littattafai da Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Jaridar kuwa daga baya ta koma Kaduna ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, wanda aka kafa a 1966, ta ci gaba da fitowa har kamfanin ya durƙushe. A shekarun 1970 gwamnatin jiha ta naɗa Imam kwamishinan sauraron koke-koken jama'a a Kaduna, aikin da kusan shi ya riga ya yi a teburin edita ba tare da naɗi ba. Ya rasu a Zariya a 1981. A 1989 Abdurrahman Mora ya tattara tarihin rayuwarsa da takardunsa aka buga su littafi guda, wanda duk mai son sanin yadda aikin jarida ya fara a Arewa ya kamata ya nema.