"A Ina Ka Samo?": Amfani da Wiki wajen Koya wa Ɗaliban Sakandare Binciken Laburare

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda shafin wiki, wanda ɗalibai ke rubutawa tare, yake koya musu neman madogara a laburare. An gano cewa amfanin yana cikin tarihin gyare-gyaren shafin da kuma dokar kawo hujja, fiye da rubutun da aka kammala.

Gabatarwa

Ward Cunningham ne ya ƙirƙiri wiki na farko a 1995, wato shafin da duk mai izini zai iya gyarawa, a wikin zamani kuma kowane gyara yakan zauna a ajiye da sunan mai shi da lokacinsa. A 2001 aka kafa Wikipedia a kan wannan tsari. Malamai da yawa na ganin ita ce ta raba yara da laburare. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa idan aka mayar da ɗalibi marubuci a wiki, da ƙafarsa zai nemi littafi.

Bitar Ayyukan Magabata

A 2005 mujallar Nature ta kwatanta maƙalu 42 na kimiyya, ta samu kura-kurai kusan huɗu a kowace maƙalar Wikipedia, uku a ta Britannica. Kamfanin Britannica ya musanta sakamakon. A 2007 sashen tarihi na Kwalejin Middlebury a Amurka ya hana ɗalibai kafa hujja da Wikipedia. Masu adawa da wiki sukan jingina da wannan hukunci, amma ina ganin sun yi masa gurguwar fahimta. Hukuncin bai hana karanta ta ba, kuma ita kanta Wikipedia ba ta yarda a kafa hujja da shafukanta a cikin shafukanta ba. Babban giɓin wannan muhawara shi ne ta ɗauki ɗalibi mai karatu kawai, ba ta tambayi abin da zai koya idan shi ne aka ce ya kare jimlarsa ba.

Kuhlthau (1991), wadda ta fara nazarinta da ɗaliban sakandare, ta kasa neman bayani matakai shida, ta nuna cewa a matakin lalube ne ruɗani da shakka suke ƙaruwa. A kan wannan ra'i aka ɗora binciken.

Hanyar Bincike

An bi hanyar lura da siffantawa. An raba ɗaliban aji biyu na babbar sakandare rukuni-rukuni a wata makaranta a Kano, aka buɗe musu wiki na cikin gida da manhajar MediaWiki. Doka ɗaya ce: duk jimlar da ba ta da sunan littafi, marubuci, shekara da lambar shafi, kowa na iya manna mata alamar "ana buƙatar hujja". Daga baya aka bi tarihin gyare-gyaren.

Sakamako

An samu ɗan ci gaba a rubutu da zaman tare, amma ba a nan maganar take ba.

Shafin ganuwar Kano ne ya fi bayyana lamarin. Wani ɗalibi ya rubuta cewa Sarki Muhammadu Rumfa ne ya gina ganuwa. Wata ɗaliba ta manna masa alama, ta rubuta a shafin tattaunawa: "A ina ka samo?" Ya ce kowa ya san haka. Ta goge, ta sa Sarki Gijimasu. Ya mayar. Da abin ya ƙi ƙarewa suka taho wurin mai kula da laburare. "Malam, wa ya fi gaskiya?" Bai yanke musu hukunci ba, ya nuna musu kantar 966.9, lambar da tsarin jera littattafai na Dewey na 1876 ya ware wa tarihin Nijeriya a bugunsa na yanzu.

Nan karatu ya fara. Yaran da ba su taɓa buɗe fihirisa ba sai ga su suna neman "Kano" a ƙarshen littafi. Suka juya bayan shafin take domin samo shekara da maɗaba'a, saboda alamar ba ta sauka sai da su. Suka tarar cewa a zamanin Gijimasu, wajen 1095 zuwa 1134, aka fara ginin, Rumfa kuma, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Kowa na da rabin gaskiya. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne tambayar da ta biyo baya: shi marubucin a ina ya samo? Suka ga ya dogara ne da tsohon kundin Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara a 1908. Ba tare da an yi musu lacca ba suka gane bambancin madogara ta asali da wadda ta ɗebo daga wata. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin da almajirin hadisi yake tambayar isnadi kafin ya karɓi matani.

Ruɗanin da Kuhlthau ta siffanta ya bayyana ƙarara. A takardar jinga malami ba ya ganinsa, sai dai ya karɓi tsaftataccen rubutu. A wiki kuwa kowace gogewa da kowace dawowa tana nan, don haka malami ya san daidai lokacin da zai sa baki, ya kuma san wanda ya yi aiki da wanda ya raɓe.

Iyakar Bincike

Makaranta ɗaya aka duba, kuma ba a ware rukunin kwatanci ba. Ɗauke wuta da tsadar data sun katse wasu darussa, littattafai da dama sun tsufa. Dokar kawo hujja ba ta da gurbin abin da yaro ya ji daga bakin kakarsa, alhali tarihinmu da yawa a baki yake. Duk da haka babu ɗaya cikin waɗannan da ya rushe abin da aka gani.

Shawara

Tun 2016 ake gangamin 1Lib1Ref, inda ake neman kowane ma'aikacin laburare ya ƙara madogara ɗaya a Wikipedia. Ɗalibanmu ma za su iya. Ina kira ga shugabannin makarantu da su haɗa malamin darasi da mai kula da laburare a aikin wiki ɗaya kowane zango, kuma a ba da maki a kan madogarar da ɗalibi ya kawo.