Kari Ɗaya, Harsuna Biyar: Zaɓen Waƙar Kwaya a Parakou da Djougou

Shugaban 'yan kwaya a Parakou ta ƙasar Benin yana da ciwon kan da takwaransa na Jos ko Kagoro bai cika sani ba. Lahadi tana tafe, fasto ya riga ya faɗi nassin da zai yi wa'azi a kai, amma mutanen da za su cika benci ba harshensu ɗaya ba. Ga Bariba 'yan ƙasa, ga Yom da Lokpa daga wajen Djougou, ga Fon da aikin gwamnati ya kawo daga kudu, ga Yarabawa, ga ɗan Nijeriya ko Nijar mai jin Hausa. A kasuwa harshen Dendi yakan haɗa su, a makaranta Faransanci. To, a waƙa ta musamman wadda kwaya ke rerawa ita kaɗai, me zai haɗa su?

Wannan gaurayar tsohuwa ce. Garuruwan biyu sun girma ne a kan hanyar fataken goro da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, kuma har yau Hausa a can ta fi zama harshen zango da ciniki. Kiristanci ya iske su a haka. Mishan ɗin SIM, wanda ya daɗe a arewacin Nijeriya, ya shiga arewacin Dahomey, wato Benin ta yau, a 1946, kuma daga aikinsa aka sami ƙungiyar ikilisiyoyi ta UEEB. A ɓangaren Katolika, Djougou ta sami nata bishop a 1995, Parakou ta zama mazaunin babban bishop a 1997. Kusa da Parakou kuma akwai tashar rediyon TWR, wadda tun 2008 take watsa shirye-shirye har da na Hausa.

A irin wannan wuri, waƙar kwaya da aka gina a kan tsohuwar waƙar sujada tana da hujja mai ƙarfi, kuma hujjar kari ce. Waƙar Ista da Edmond Budry, fasto ɗan Suwizalan, ya rubuta a 1884 a kan karin Handel ta isa misali. Wanda ya koye ta da Faransanci da wanda ya koye ta da harshen uwarsa, da zarar sun ji layin farko sun san inda aka dosa. Kwaya tana iya rera baiti na farko da murya huɗu, mata su ɗauki na biyu su kaɗai, a na ƙarshe a saki jama'a kowa ya shiga da harshensa. Sabuwar waƙa, komai daɗinta, ba ta da wannan jari.

Sai dai karin aro yana da kuɗin da ake biya, kuma kalma ce ke biya. Waƙoƙin Turai ana auna su da ƙidayar gaɓoɓi da inda nauyin murya ke faɗawa, misali takwas, shida, takwas, shida. Hausa kuwa tana rarrabe ma'ana da tsawon wasali da hawa da saukar murya. A ɗauki kalmar "duka". Idan mai fassara ya ɗora gaɓarta ta farko a kan dogon sauti, ya kuma saukar da ta biyu, abin da kunne zai ji shi ne dukan da ake yi da sanda. "Gari" na mutane, in aka ja wasalinsa, ya koma garin tuwo. 'Yan kwaya da ke riƙe da takarda ba sa lura, domin idonsu yana gyara musu abin da bakinsu ya ɓata. Tsohuwar da ke zaune a baya, wadda ba ta karatu, ita ce take jin ɓarnar. Harsunan Bariba da Yom da Yarabanci ma duk masu karin sauti ne, don haka matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce.

Shi ya sa gwajin da ya kamata a fara da shi ba ya buƙatar molo ko kibod. A karanta baitin da baki kamar magana, sannan a rera shi ga wanda bai taɓa ganin rubutun ba, a tambaye shi abin da ya ji. In ya kawo wata ma'ana dabam, ko dai a sake kalma ko a lanƙwasa karin.

Wasu dattawan ikilisiya suna ganin taɓa kari kamar taɓa nassi ne. Tarihin waƙoƙin bai goyi bayansu ba. John Newton ya rubuta kalmomin "Amazing Grace" a Ingila a 1772, amma karin da duniya ta san ta da shi a yau sai a 1835 aka haɗa su, a Amurka. Karin Budry ma Handel ya yi shi ne don tarbar jarumin yaƙi. Katolika kuwa tun 1963 majalisar Vatican ta biyu ta ba kiɗan gargajiya gurbi a sujada, kuma a wannan shekarar aka kafa gidan sufaye na Keur Moussa a Senegal, inda ake rera Zabura da molon kora.

Akwai kuma batun ƙarfin kwayar kanta, wanda ake yawan rainawa. Tsarin murya huɗu da aka buga don babbar majami'a mai ogan ba zai tashi ba a cocin ƙauye da ke da maza uku, biyu daga ciki sun tafi gona lokacin tsinkar auduga. A nan darasin Zumuntar Mata na arewacin Nijeriya ya fi amfani: mace ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, tulu da gora su riƙe kiɗa. Amshin tsohuwar waƙar sujada yana shiga wannan tsari ba tare da gardama ba, kuma a cocin Djougou mai harshe uku ana iya juya baitocin daga Yom zuwa Dendi zuwa Faransanci, amshin yana nan yadda kowa ya san shi.