Maƙeran Kasuwar Arlit da Ƙarfen da Ya Fito Daga Ma'adinai

Tun da gwamnatin Nijar ta karɓe kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr daga hannun Orano na Faransa a watan Yunin 2025, zancen Arlit ya koma tsakanin Yamai da Paris: wa ya ci, wa aka cuta. An manta cewa mutumin da ya riƙe garin bai taɓa shiga rami ba, wato mai rumfa a kasuwa, wanda ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya da cinikin ƙarshen wata.

A 1969 aka kafa garin. Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak ya biyo baya a Akokan a 1978. Ma'aikata suka samu gidajen kamfani masu ruwa da lantarki. Waɗanda suka biyo ƙamshin albashinsu kuwa, Hausawan Tawa da Maraɗi, da Buzayen da farin 1973 ya kashe wa dabbobi, da baƙi daga Benin da Togo, a gefe suka kafa bukkoki. Garin ya cika ya batse har aka yi masa laƙabi da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗinsa. Da farashin yuraniyom ya faɗi bayan 1980, mai kanti ne ya fara ji a littafin bashi.

Sana'ar da ba ta mutu ba ita ce ƙira. Tsofaffin bututu da ganguna na fitowa daga ma'adinai su shigo kasuwa da araha, maƙeri ya bubbuge su, ya fitar da ƙofa, ko rufin ɗaki, ko tukunya. Abin da ya sayar wa mutane, shi ya kai wa uwargidansa ta girka tuwo.

A nan rigimar take. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin Somaïr da ya kafa ƙungiyar Aghirin'man, ya gayyato masu bincike na CRIIRAD daga Faransa a Disambar 2003. Aka ƙwace manyan na'urorinsu a filin jirgin Yamai. Da ɗan ƙaramin abin awon da ya rage musu suka zaga kasuwar Arlit, suka tarar da ƙarafa masu fitar da tururin yuraniyom a shimfiɗe ana ciniki. Areva, sunan Orano a lokacin, ya ce yana bin ƙa'ida, kuma asibitocinsa ba su ga cutar da aiki ya jawo ba. Sai dai asibitin nasa ne, albashin likitan ma daga aljihunsa yake fitowa.

Ni dai na fi gaskata ma'auni. A Nuwambar 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo, ta samu ƙarfe a kasuwar da tururinsa ya ninka na al'ada har sau 50, a wani titin Akokan kuma kusan sau 500. Shekara shida ke nan bayan gargaɗin farko. Maƙeri ba shi da na'ura. Ido da guduma kawai gare shi.

Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, dattin ma'adinai wajen tan miliyan 20 ya rage a bayan Akokan. An tsara wa ma'aikatan kuɗin sallama. Maƙeri da mai kanti ba sa cikin lissafin, kuma yanzu da Somaïr ya koma hannun gwamnati, ita ce za a tambaya.