Injin da ya koyi faɗin inda ke masa ciwo

A daren da na gama haɗa kwamfutata ta farko da hannuna, na danna makunni, fankoki suka ɗauki juyi, wata 'yar fitila ta kama a kan babban allo, fuskar kwamfutar kuwa ta tsaya baƙi ƙirin. Ba rubutu, ba ƙara. Kuɗin da na yi wata bakwai ina tarawa ne ke kwance a gabana, ga aikin tace bidiyo da na yi alkawarin miƙawa a ƙarshen mako. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun. Mara lafiyar da ke magana ana iya yi masa magani, amma yaya za a yi da wanda bai ma farka ba balle ya nuna inda ke masa ciwo?

Wannan shirun ya girme ni. A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta Amurka ta buga hoton wata kwamfuta mai suna Altair 8800 a bangonta. Wani ƙaramin kamfani mai suna MITS, na Ed Roberts, a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, shi ke sayar da ita a kan dala 397, a warwatse cikin kwali, mai saye ya zauna da dalma da ƙarfen liƙi ya haɗa abinsa. Abin dariya, wadda aka ɗauka a hoton ma fanko ce mai fitilu, domin ta gaskiyar ta ɓace a hanyar kai ta ofishin mujallar. Ba ta da allon madannai, ba ta da fuska. Ma'adanarta bayit 256 ce kacal, kuma da jerin makunnai ake yi mata magana, ita kuma ta amsa da jajayen fitilu. Wanda ya kwana yana liƙi, ya kunna, fitilun suka ƙi yin abin da littafi ya ce, ba shi da mai gaya masa ko liƙinsa ne ya yi sanyi ko kayan ne suka zo da aibu. Sau da yawa kayan ne: allunan ƙarin ma'adana na kilobayit 4 da MITS ya fitar sun yi ƙaurin suna wajen ƙin aiki, har wasu suka kafa kamfanoni don kawai su ƙera waɗanda za su maye gurbinsu. Taron masu sha'awar kwamfuta na Homebrew, wanda ya fara zama a wani gareji a Menlo Park ta Kalifoniya ranar 5 ga Maris 1975, kusan majalisar masu jinyar injuna ce.

A ƙarƙashin duk wannan akwai wata matsala ta asali. Kwamfuta ba ta iya karanta manhaja sai da wata manhaja da za ta gaya mata yadda ake karatu, ita kuma wannan ɗin wa zai shigar da ita? Kalmar da Turawa ke kiran tashin kwamfuta da ita ta fito ne daga wani karin maganarsu game da mutumin da ke son ɗaga kansa sama ta hanyar jan maɗaurin takalminsa, wato abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Paul Allen ya ɗanɗana wannan a sararin sama. Shi da Bill Gates, tare da Monte Davidoff, sun rubuta harshen BASIC domin Altair a kan wata babbar kwamfuta ta jami'ar Harvard, ba tare da sun taɓa sa hannu a kan Altair ɗin ba. Allen ya ɗauki zaren takarda mai huji-huji da aka adana aikin a kai, ya hau jirgi zuwa Albuquerque. Jirgin na dab da sauka ya tuna ba su rubuta 'yar manhajar da za ta koya wa injin karanta zaren ba. Nan take ya rubuta ta a takarda da lambobin da firosesar Intel 8080 ke ganewa. Washegari ya shigar da ita bayit bayan bayit ta makunnan nan, zare ya wuce, inji ya tambayi girman ma'adana, ya ba shi lissafin biyu a tara da biyu, ya amsa da huɗu. Da ya yi kuskuren lamba ɗaya, shiru zai samu a gaban Roberts, kuma zai yi wuya ya san ko laifin zaren ne, ko na manhajar, ko na injin. A watan Afrilun wannan shekara suka kafa Microsoft.

Steve Wozniak ya rage wahalar a 1976 da ya dasa 'yar manhaja mai bayit 256 a cikin ma'adana ta dindindin ta Apple I, yadda da an kunna za ta saurari madannai. Amma a ganina, babban sauyin ya zo ne ranar 12 ga Agusta 1981, da IBM ya fito da kwamfutarsa ta 5150. A cikin manhajar tashinta, wadda ake kira BIOS, injiniyoyin Boca Raton ta Fulorida, ciki har da David Bradley, sun sa injin ya riƙa duba lafiyar kansa kafin komai: firosesa da farko, sai ma'adanar dindindin, sai ɓangaren farko na ram, sannan a tayar da fuska, a dubi madannai da faifai. Tun da fuska tana zuwa ne a tsakiyar jerin, sai aka ba ƙaramar lasifika aikin magana. Gajeriyar ƙara ɗaya tana nufin lafiya lau. Doguwa ɗaya da gajeru biyu, katin hoto ne. Idan fuska ta riga ta tashi, lamba ake gani: 201 ram, 301 madannai. A samfurin AT na 1984 injin yana aika lambar kowane mataki zuwa wata kafa, mai gyara ya soka kati ya karanta inda aka tsaya. IBM ya ma buga rubutun BIOS ɗin gaba ɗaya a littafin bayanin injin.

Da Compaq, sannan Phoenix, suka ƙirƙiro nasu BIOS ɗin ba tare da kwafar na IBM ba, kasuwa ta buɗe, kuma daga nan ne haɗa kwamfuta a gida da kayan kamfanoni dabam-dabam ya yiwu. Sai dai kowa ya zo da nasa yaren: ƙara uku a BIOS na AMI ba lallai ta zama abin da take nufi a na Award ba. Yau UEFI ta gaji BIOS, akwatuna da yawa ba sa zuwa da lasifikar kwata-kwata, an mayar da maganar kan fitilu huɗu na firosesa, ram, hoto da faifan tashi, ko lambobi biyu a alluna masu tsada. Jerin kuwa bai sauya sosai ba, shi ya sa tsohuwar dabarar masu gyara ke aiki har yanzu: a cire duk abin da injin ba ya bukata a matakin farko, a bar firosesa da sandar ram guda, a tabbatar wayar wutar firosesa ta shiga, sannan a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Akwai ma sabon tarko, domin alluna masu ram na DDR5 kan ɗauki mintuna a kunnawar farko suna daidaita kansu, fuska baƙi, mai gaggawa ya kashe ya ɗauka ya yi asara.

Ni dai fitilata ta biyu ce a jeri, ta ram. Na zare sandunan biyu, na mayar da ɗaya, na danna da ƙarfin da da farko tsoro ya hana ni, har na ji maƙallin ya ce ƙas. Wajen ƙarfe biyu na dare tambarin allon ya bayyana a fuska, na miƙa bidiyon ranar Asabar.